Jirgi Ba Ya Jiran Alhaji

Wasiƙar wannan mako daga Maradi ta fito. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da atamfa a babbar kasuwa. Shekara ashirin ina zirga-zirga tsakanin Kwatano, Lome da Dubai, amma ko Yamai ban taɓa kai iyalina da sunan hutu ba. Bana Allah ya hore, wata ajans ta nuna mini tafiyar kwana bakwai a babban jirgin ruwa cikin Bahar Rum a watan Agusta. Za a tashi daga Basalona, a tsaya Marsai, Jenowa, tashar Roma, Palermo da Malta, a yi wuni ɗaya bisa ruwa, a komo Basalona. Mu takwas ne: ni, mahaifiyata mai shekara 70, maiɗakina, babban ɗana mai 17, ƴata mai 13, ƴan biyu masu 7, da ɗan ƙanena mai 11 da nake riƙo. Dare uku na yi ina tsara wuraren da za mu gani a kowane gari, ga takardar nan na haɗo maka. Maiɗakina ta duba ta ce wannan ba hutu ba ne, saro kaya ne, ita ko kasuwa ɗaya ban sa mata ba. Hajiya ta ce gwiwarta ba za ta ɗauka ba, a bar ta gida. Yaron ya kumbura don ban sa filin ƙwallon Barsa ba. Ƴan biyu da ɗan'uwansu ba abin da suke zance sai wurin iyo. Ajans kuma na matsa mini in biya kuɗin duka kafin ƙarshen wata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Miliyoyi zan kashe, ba wanda ya ce an gode. Yaya zan shawo kansu su bi tsarin? Baban ƴan biyu, unguwar Ali Ɗan Sofo."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Ba kowane magidanci ke tunawa cewa waɗanda yake bari a gida su ma suna da idon ganin duniya ba.

Sai dai ka yi haƙuri, ba zan taya ka shawo kan kowa ba, don maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Na karanta takardar taka tun daga sama har ƙasa: wurare 23, kowanne da ƙarfe kaza da minti kaza. Hannun ɗan kasuwa ne ya rubuta ta. Kuɗi sun fita, dole a ƙirga abin da suka sawo, kamar yadda kake ƙirga bandir in kaya suka iso shago. Za mu komo kanta. Akwai abin da ya fi ta gaggawa, wanda ka sa a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, wato maganar biyan kuɗi.

Kada ka biya duka. Ba ku da biza tukuna, kuma ba wanda zai hau wannan jirgi ba tare da bizar Shengen ba, wato bizar da ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai. Kuɗin neman ta Yuro 90 ne ga wanda ya kai shekara 12, Yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12. Ku biyar manya, uku ƙanana, Yuro 585 kenan, wajen jika 384 tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma in an hana ba a mayar da ko dala. Ana iya ajiye takardu tun saura wata shida a tafi. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar ja har kwana 45. An rufe ambasadar Faransa a Yamai a farkon 2024, ita ce kuwa ƙofar da mutanenmu suka saba bi. Ƙa'idar ita ce a nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta, ku kuma tsakanin Italiya da Sifen abin yake, duka biyun suna da ambasada a Yamai. Ka taka da ƙafarka ka tambaya wa zai karɓi takardunku, kada ka tsaya kan "an ce". Ka nemi biza mai shiga fiye da sau ɗaya, don ita kamfanonin jiragen suka fi so, kuma in aka sauya hanya aka ratsa Tunis, wadda ba ta cikin Shengen, biza mai shiga ɗaya ta mutu.

Abu biyu ke kayar da mutanen Maradi a nan. Na farko banki. Ɗan kasuwarmu yana iya juya miliyan ɗari a wata, amma kuɗin na cikin kaya da aljihu da hannun yaran shago, takardar banki kuma ta nuna kamar ba shi da komai. Mai duba takardu bai san shagonka ba, bai san sunan gidanku ba, motsin asusunka na watannin baya kawai yake gani. Zuba kuɗi tuli guda saura mako ɗaya ƙara masa zargi yake yi. Ka bar cinikinka ya riƙa ratsa asusun tun yanzu, ka haɗa da rajistar kasuwanci da lambar haraji. Na biyu ɗan riƙo. A wurinmu ɗan ƙanenka ɗanka ne, ba mai tambaya. A wurinsu yaron wani ne kake son fita da shi daga ƙasa. Sai da takardar yardar uwa da uba mai hatimin hukuma, da takardar haihuwarsa, kuma za a iya neman su a ambasada, a filin jirgi, a kuma bakin jirgin ruwan. Ka duba fasfo na kowa ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan dawowa, ka yanki inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 kamar yadda suke sharɗantawa, ta Hajiya kuma ka karanta ta da kyau saboda shekarunta. Ita ajans ka ba ta kafin alƙalami kawai, ta rubuta maka baƙi bisa fari nawa za ta mayar in biza ba ta fito ba. Wadda ta ƙi rubutawa ta riga ta ba ka amsa.

Agustan ma ban yarda da shi ba. Zafin can ba zai tsorata wanda ya sha Afrilun Maradi ba, amma watan ne Turai duka ke hutu, farashi na sama, layi ko'ina. Yaransu na komawa makaranta daga farko zuwa tsakiyar Satumba, namu kuwa sai wajen Oktoba ake buɗe lakwal. Wannan tazarar kyauta ce Allah ya ba ka. Ka tambayi makarantar babban yaron ranar komawarsu, in ta ba da hali ka ɗaga tafiyar zuwa Satumba. Ka sami sauƙin kuɗi, ka sami ƙarin lokacin biza.

To, takardarka. Bari mu ɗauki ranar Roma, inda ka jera wurare biyar: Kolosiyam, Fadar Fafaroma, maɓuɓɓugar Tirebi, babban masallaci, da kasuwar takalma. Ka rubuta cewa jirgi zai tsaya ƙarfe 7 na safe ya tashi 7 na yamma, ka lissafa awa 12. Alhaji, hangen Dala ba shiga birni ba. Roma ba ta bakin teku. Jirgin a Cibitabekiya yake tsayawa, wajen kilomita 80 daga birnin. Ba za ka fitar da mutum takwas daga ɗaki, an yi wanka an karya, kafin takwas da rabi ba, kai ma ka san gidanka. Daga gindin jirgi sai an hau bas zuwa ƙofar tasha, daga nan a nemi tashar jirgin ƙasa, a yanki tikiti, a jira. Jirgin ƙasan kansa awa ɗaya da wani abu ne. In komai ya tafi daidai, sha ɗaya saura kuke isa. Ta ɗayan gefen kuma, ana ɗage tsani rabin awa kafin tashi, wato shida da rabi, kuma mai hankali yakan bar Roma da uku da rabi. Awa 12 ɗinka sun koma huɗu da rabi. Cire cin abinci, cire salla, cire neman bayi sau uku saboda ƴan biyu ba sa jin fitsari lokaci ɗaya. Abin da ya rage wuri ɗaya zai ɗauka cikin natsuwa, biyu in an matsa.

Ba karantawa na yi ba, ni aka yi wa. Shekarun baya na yi irin wannan tafiya da maiɗakina, mu biyu kacal, ba yaro ba tsohuwa. Ƙarfe uku ta ce mu kama hanya, na ce saura wuri ɗaya, ga shi nan kusa. Muka isa tasha jirgin ƙasa na fita a gaban idonmu. Wanda ya biyo baya ya riƙa tsayawa a kowane ƙauye, ni ina duba agogo, ita ta fito da carbi ba ta ce uffan ba. Mun sauka daga bas ɗin ƙarshe saura minti biyu ko uku a ɗage tsani, ga jirgin can a ƙarshen gaɓa, tsawonsa ya fi mita 300, ƙofar kuma a can tsakiyarsa. Na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa, ita ta cire takalma ta riƙe a hannu, muka sheƙa. Fasinjoji sun yi cirko-cirko a barandar ɗakunansu suna tafi da ihu kamar ana sukuwar salla, lasifika na kiran sunanmu da wani irin lafazi da ko uwata ba za ta gane ni ake nufi ba. Wani ma'aikaci ya miƙo hannu ya jawo ta ciki, ni na shiga ina haki, aka rufe a bayanmu. Laifina ne ni kaɗai. Ba ta yi mini magana ba sai da muka isa Palermo.

Da mun ƙara minti biyar da sai dai mu ɗaga masa hannu. Jirgin ruwa ba kar ɗin Yamai ba ne da za ka kira direba a waya ka ce Alhaji ne, a dakata a bakin kwalta. Yana da lokacin da aka yanka masa a tasha, ga mutum dubbai a ciki. Wanda ya makara, shi zai nemi hanyar da zai cim masa a gari na gaba da kuɗin aljihunsa. Ka auna wannan da mutum takwas, maganin Hajiya kuma yana cikin ɗaki bisa ruwa. Mutum ɗaya jirgi ke jira: wanda ya fita cikin yawon da jirgin da kansa ya shirya. Ya fi tsada, wani lokaci ninki biyu ko fiye, amma a gari mai nisa da tasha irin Roma wannan ƙarin shi ne kuɗin kwanciyar hankali. A garuruwan da tasha ke cikin gari kuwa ba ka buƙatarsa.

Shawarata ita ce ka yaga takardar. Kowane gari abu ɗaya, kuma kowane gari ka ba wani daga cikin iyalin ya zama nasa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Basalona ta babban yaron ce, kuma ba za ta ci maka ranar jirgi ba, don dole ku isa can da kwana biyu kafin tashi. Daga Maradi zuwa Yamai kilomita 660 ne, wuni guda a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sannan jirgin sama mai sauyi a Kasabalanka ko Istanbul. Jinkiri ɗaya a hanya, ko akwati ɗaya da ya tsaya a baya, ya isa ya ɓata komai in kun sa ranar isa ta zama ranar tashi. Ku kwana biyu a otel, Hajiya ta miƙe ƙafa. Kai ka ɗauki samarin biyu ku je Kam Nu, filin ƙwallon Barsa. An soma babban gyara a wurin a 2023, saboda haka ka sa shi ya duba a intanet abin da ke buɗe, ya sayi tikiti da kansa. Yaro mai shekara 17 da aka ba wa aiki ya fi wanda ake ja a baya daɗin zama. In da sauran ƙarfi ku leƙa majami'ar Sagarada Familiya ko daga waje, ginin da aka soma tun 1882, ka ga inda aka fi mu jan aikin gini. A unguwar Rabal akwai gidajen abincin ƴan Pakistan da Maroko na halal. A titin Rambala kuma ka riƙe aljihunka, ƴan sanen wurin sun ƙware.

Marsai ta uwargida ce. Faransanci ake yi, ba mai buƙatar tafinta. Tashar manyan jirage na da ƴar tazara daga tsakiyar gari, ku ɗauki bas ko tasi zuwa tsohuwar tasha, daga nan ƴan mintuna ne a ƙafa zuwa kasuwar Nowai. Larabawan Aljeriya da Tunis, ƴan Komoro, ƴan Senegal, mahauta na halal, dabino, kayan yaji, sabulun Marsai na asali mai kamar bulo. Ka ba ta kuɗinta a hannu, ka ja bakinka ka yi shiru. Shekara ashirin kai ke zaɓo mata abin da za ta sa, ranar nan ka riƙe leda. Yaran in sun gaji da kasuwa, akwai ƙaramin jirgin yawo mai taya da ke tashi daga tsohuwar tashar ya hau dutsen da majami'ar Notiridam take, inda ake hangen gari da teku gaba ɗaya, ba wanda zai taka.

A Jenowa ka rubuta hasumiyar Pisa mai karkata. Goge ta. Awa biyu ne ko fiye a jirgin ƙasa zuwa, haka dawowa, don hoto ɗaya. Ga gidan kifaye a tsohuwar tashar Jenowa, wanda aka buɗe a 1992, yana cikin mafi girma a Turai, kuma daga inda jirgi ke tsayawa ana iya takawa. Yaran da iyakar ruwan da suka sani Gulbi ne da damina da tafkin Madarunfa za su tsaya gaban gilashi kifin shak ya wuce ta saitin hancinsu. Wannan za su ba da labari a lakwal, ba hasumiya ba. Ku sayi tikiti tun kafin ranar, ku shiga da safe, ku komo jirgi cin abincin rana.

Roma taka ce, kai da manyan yaran biyu, cikin bas ɗin jirgi. Ku ga Kolosiyam, filin da aka gama a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, mai cin mutum wajen 50,000. Sauran su zauna. Na san abin zai yi maka ciwo, ka biya kuɗi mutum biyar ba su ga Roma ba. Amma ranar da kowa ya sauka ita ce ranar da jirgi ya fi daɗi: wurin iyo ba kowa, wurin abinci ba layi, ƙananan su yi ta wasan ruwa uwarsu na kallo, Hajiya ta sami kujera a inuwa. Ai jirgin ma ka biya shi, kuma shi ya ci mafi yawan kuɗin.

Palermo nake so ka ajiye wa Hajiya, kuma ka gaya mata dalili tun yanzu. Musulmi sun riƙe garin daga 831 zuwa 1072, shekara fiye da 200, sawunsu kuma bai goge ba. Unguwar Kalsa daga kalmar Al-Khalisa ta samo suna. Babbar majami'ar garin tana wurin da babban masallaci yake a da, kuma a shirayin ƙofarta akwai wani ginshiƙi da aka sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa, har yau tana nan ana karantawa. Tashar na cikin gari, tasi zai kai ta har kusa da ƙofar. Ka tsayar da ita gaban ginshiƙin nan, jikanta ya karanta mata. Daga nan kasuwar Balaro ba nisa, inda masu kifi da kayan lambu ke kwarara kiran ciniki da waƙa, za ta ce ko gida ta dawo. Awa uku sun isa. Akwai keken doki a bakin tasha, ku gama ciniki kafin ku hau, wannan kam ba sai na koya maka ba.

Amma kafin duk wannan, ka zauna da ita ku biyu, ba a gaban jikoki ba. Tsohuwa in ta ce gwiwa, wani lokaci gwiwar ce, wani lokaci abin da take jin nauyin faɗa ne. In gwiwa ce, da sauƙi. A nemi keken guragu tun wurin yankan tikiti, a ba ta ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da na'urar hawa sama. Nan ne kuma jirgi ya fi rashin tangaɗi, don daren farko tsakanin Basalona da Marsai iska kan taso. Ta riƙe citta, likitanta kuma ya rubuta mata maganin jiri tare da na kullum, duka a jakar hannu, saboda ganin likitan jirgi da tsada. In kuwa abin da ke ranta shi ne ina za ta yi salla, me za ta ci, me idonta zai gani, to ka gaya mata gaskiya. Akwai giya a jirgin, akwai gidan caca, bakin wurin iyo kuma mutane ba su da sutura sai ƴar ƙyalle. Ana iya kauce wa wuraren, jirgin gari ne guda, amma ba a iya cewa babu su. Salla a ɗaki ake yi. A tafi da darduma da buta ta roba. Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, sai dai jirgi na juyawa, a duba ta a waya kafin kowace salla. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ka kai wa malaminku tun kuna gida. Ku sani kuma magariba a can takan kai takwas na dare a wannan lokaci, agogonsu kuma na gaba da namu da awa ɗaya. Abinci, kifi da ƙwai da taliya da shinkafa da kayan lambu ba sa yankewa. Nama kuwa sai an tambaya, miya ma a tambaya ko an zuba giya. A sanar da kamfani tun wurin yankan tikiti cewa ku Musulmi ne, a sake faɗa wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko.

In ta ji duk wannan ta ce a'a, kada ka tilasta ta, kuma kada ka ɗauka raini ne. Akwai wata hanyar. Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin yawo mai suna AROYA a Disamban 2024, ya soma da tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya, ba giya, ba caca, abinci na halal, da wurin salla. Wanda ya haɗa wannan da Umra ba zai sha wahalar shawo kan tsohuwa ba. Akwai kuma jiragen kogin Nilu a Masar tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ruwa kwance ba igiya, ƙasa ɗaya biza ɗaya, kiran salla na tasowa daga ƙauyukan gaɓa. Ka riƙe waɗannan biyun a zuciya ko don ranar da Shengen za ta ce a'a.

Sai ƴan abubuwan da ajans ba ta cika faɗa ba. Ɗakin jirgi mutum huɗu yake ɗauka galibi, ku kuwa da tsohuwa da saurayi da budurwa, ɗaki uku za ku buƙata, kuma a kan so babba a kowane ɗaki, sai ku zauna ku raba tun yanzu. Akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare. A kamfanonin da na sani wajen Yuro 12 ne ga babba, rabi ga yaro, wanda a gidanka zai tasam ma jika 360 a mako. Ka tambaya ko yana cikin farashin da aka ba ka. Lemo da ruwan kwalba daban ake biya. Katin da za a ba kowa shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi, saboda haka ka sa a toshe saye a katunan yara kafin su gano ɗakin wasanni. Wayoyi duka a kashe musu layi da zarar an bar gaɓa, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam suke kamawa, kuɗin kuma ba kama hannun yaro. In kuɗin hannunka sun kai Yuro 10,000 sai ka bayyana su a kwastan.

Ka faɗa wa uwargida da Hajiya wannan da bakinka: ba kasko, ba gawayi, ba turaren wuta. Kowane ɗaki na da na'urar jin hayaƙi, kuma ba abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar wuta. Dutsen guga da butar lantarki ma karɓewa ake yi a ƙofa. Su tafi da humra da turaren fesawa. Kilishi, dambun nama da man shanu kuma ba a shiga da su Tarayyar Turai, a filin jirgi za a zubar, gara a bar wa maƙwabta. Yaji a ƙulle cikin roba dai ya tafi, za ku gode mini a dare na uku. Ranar shiga za a tara kowa a nuna masa rigar ceto da inda zai tsaya in wani abu ya faru. Dole ne, kuma ka tsaya yaran su fahimta, kada ka mai da shi lokacin amsa waya.

Saura Malta. Na sake karanta wasiƙarka sau biyu, Alhaji. Ka faɗi abin da maiɗakinka ke so, da na Hajiya, da na saurayin, da na ƙananan. Ƴarka mai shekara 13 sau ɗaya ta fito, wurin ƙirga kawuna. Ina jin ita ce ba ta yi gardama ba, shi ya sa ba a ji ta ba. Ka ba ta Malta. Gari ne mai sauƙi: jirgi na tsayawa a gindin ganuwar Baleta, akwai na'urar hawa mai tsawon mita 58 da ke ɗaga mutane daga bakin ruwa zuwa lambun Baraka a sama, ko Hajiya ba za ta taka tsani ba, kuma da sha biyun rana ana buga igwa a ƙasan lambun. Harshen mutanen daga Larabci ya samo asali. Kiristoci ne amma Alla suke kiran Ubangiji, in mai shago ya ce hamsin ko sittin kuwa, hamsin da sittin ɗin da ka sani yake nufi. Ka faɗa mata wannan yau da dare bayan isha'i, ka miƙa mata wayarka ta bincika sauran, ka ce ranar nan ita ce ja-gaba, duk inda ta nuna nan za a bi, muddin ta dawo da ku gindin jirgi saura awa ɗaya a ɗage tsani.